Attajiran Sabo, ku tambayi tarihin Abiola abin da kuɗin siyasa ke saye

Ina gode wa editan wannan mujalla tamu da ya ba ni fili, alhali ya san abin da zan faɗa ba zai yi wa wasu manya daɗi ba, cikinsu har da masu sayen shafin talla a bangon baya.

Iskar zaɓe ta fara kaɗawa, kuma duk ɗan Sabo ya san alamarta. Motoci masu baƙin gilashi sun fara shigowa bayan isha'i. An fara kiran taro a falon Alhaji wane, ba a masallaci ba, ba a fadar Sarki ba. Daga nan sai a fito da takarda: masu canji ku kawo kaza, 'yan goro ku kawo kaza, 'yan kara ku kawo kaza, za a kai wa ɗan takara gudummawa da sunan al'ummar Hausawan Badun. In ka tambayi dalili, amsar ɗaya ce tun muna yara: "Malam, mu baƙi ne a Kurmi. In ba mu da mutum a sama, ranar da wuta ta tashi wa zai tare mana?" Wani ma, don ƙarfin hali, ya ce da ni a cikin zakkarsa ta bana zai cire.

To, ni ba zan yi gardama da ku da bakina ba, don za ku ce ɗan goro mai jan sallar asuba in liman ya yi tafiya me ya sani a harkar manya. Zan kawo muku mutumin da ya fi ku kuɗi, ya fi ku kyauta, ya fi ku sanin manya, ya kuma gwada wannan dabara taku har ƙarshenta. Daga nan Badun zuwa garinsu Abekuta tafiyar da ba ta kai awa biyu ba ce. Sunansa Mashood Kashimawo Olawale Abiola.

Daga itacen girki zuwa ITT

Saboda yaranmu da aka haifa bayan rasuwarsa, bari in faɗi ko shi wane ne. An haife shi a Abekuta ranar 24 ga Agusta, 1937. 'Ya'yan da mahaifinsa ya haifa kafin shi duk sun mutu suna jarirai, shi ya sa aka sa masa Kashimawo, wato "mu jira mu gani", kamar yadda mu ma muke kiran ɗan wabi Ajuji ko Ayashe. Yana ɗan shekara tara yake shiga daji ya yo itace ya sayar kafin ya tafi makaranta. Ya yi sakandaren Baptist ta maza a Abekuta, inda ya riƙe editan mujallar makaranta, Obasanjo na mataimakinsa. Ya samu tallafi ya tafi Jami'ar Glasgow ya karanto aikin akanta. Da ya dawo ya yi aiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Ikko, ya yi a Pfizer, sannan ya shiga kamfanin sadarwa na Amurka mai suna ITT a ƙarshen shekarun 1960. A nan arzikinsa ya buɗe. Lokacin kuɗin mai ne, gwamnatin soja na ba da kwangilolin tarho, shi kuma yana da kusanci da Murtala Muhammad, wanda ya riƙe ma'aikatar sadarwa a zamanin Gowon. Har ya kai mataimakin shugaban kamfanin mai kula da Afirka da Gabas ta Tsakiya.

Daga nan ya bazu. Gidan burodi, gona, kantin littattafai, jirgin sama, jirgin ruwa, banki, haƙar mai, ƙungiyar ƙwallo ta Abiola Babes, ga kuma kamfanin jaridu na Concord. Ba kowa ne ya yarda dukiyar nan tas take ba. Ɗan garinsu Fela ya yi waƙa guda a kan ITT, ya ambaci sunansa a ciki, ba da yabo ba. Wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne yanzu, Allah Ya gafarta masa.

Amma kyauta kam, ko maƙiyinsa bai musa ba. Lissafin da aka fi kawowa shi ne ya sa hannu a ginin sakandare 63, masallatai da coci-coci 121, ɗakunan karatu 41, da ayyukan ruwa 21, a jihohi 24, kuma garuruwa daban-daban sun naɗa masa sarautu 197. Shi ne Baba Adini na ƙasar Yarbawa, ya riƙe mataimakin shugaban Majalisar Ƙoli ta Harkokin Musulunci, a 1988 kuma Alafin na Oyo ya naɗa shi Are Ona Kakanfo, sarautar da Akintola ya riƙe kafin shi. Duk inda ake gidauniyar masallaci ko makaranta, daga Sakkwato har Kalaba, in dai an ga jirginsa ya sauka, an san an gama.

Na faɗi wannan ne don masu cewa 12 ga Yuni bikin Yarbawa ne, ba ruwan Bahaushe, su gyara bakinsu. A zaɓen 1993 Abiola ya ci Kano, jihar abokin takararsa Bashir Tofa. Ya ci Jigawa, ya ci Kaduna, ya ci Borno da Yobe. Ya tashi da jihohi 19 da Abuja, Tofa na da 11. Ƙuri'arsa ta haura miliyan takwas, ta Tofa ba ta cika shida ba. Shi Musulmi, mataimakinsa Babagana Kingibe Musulmi, kuma Kiristoci suka fito suka zaɓe su. Talakan Kano bai zaɓe shi don Bayarabe ne ba. Ya ga hannunsa a ƙasa tun kafin ya zo neman ƙuri'a. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Abin da ya saya a kasuwar siyasa

Yanzu mu buɗe ɗaya littafin, na kuɗin da ya zuba wa masu mulki.

A Jamhuriya ta Biyu, lokacin da kusan duk ƙasar Yarbawa ke bayan Awolowo da UPN, Abiola ya shiga NPN ta Shagari. Ya zama ɗaya daga cikin manyan masu ɗaukar nauyinta, ya sha zagi a gida saboda haka. A 1980 ya kafa jaridar National Concord, babban aikinta a farkon nan shi ne ta tare wa NPN faɗa da Tribune ta Awolowo da ake bugawa a nan Badun. Tsofaffinmu na tuna yadda Concord ta sa Awolowo a gaba da labarin filayen Maroko. Mutum ya ba da kuɗinsa, ya ba da jaridarsa, ya sayar da farin jininsa a wurin danginsa. Da 1982 ta zo ya nuna shi ma yana son takara, me aka ce masa? Maganar da har yau ake jingina wa Umaru Dikko, ministan sufuri kuma na hannun daman Shagari, ita ce kujerar shugaban ƙasa ba ta sayarwa ba ce ga wanda ya fi tayi. Maganar a kan kanta gaskiya ce. Abin tambaya, me ya sa ba a tuna da ita ba lokacin da ake karɓar kuɗin? Abiola ya tattara ya bar jam'iyyar.

Alhazaina, wannan shi ne darasi na ɗaya. Ɗan siyasa yana karɓar kuɗinka a matsayin mai ba da gudummawa, kuma a nan yake so ka tsaya. Ranar da ka miƙa hannu ka ce a ba ka naka rabon, ranar za ka san ko kai ɗan gida ne ko ɗan rakiya.

Sai ya koma wajen sojoji. Abotarsa da Janar Babangida ba ɓoyayya ba ce, su da kansu suna faɗa. To ku dubi abin da ya faru da jaridarsa. Concord ba ƙaramar jarida ba ce. Ta ɗauki gwanaye irin su Dele Giwa, ta biya albashin da ba a saba gani ba, ta kuma yi abin da ya kamata mu Hausawa mu yaba: ta buga Amana da Hausa, Isokan da Yarbanci, Udoka da Ibo, don wanda bai yi boko mai zurfi ba shi ma ya karanta labarin ƙasarsa. Amma a watan Afrilu na 1992 mujallarsa African Concord ta buga wani labari mai sukar mulkin Babangida. Aka turo jami'an tsaro suka rufe kamfanin. Me mai kamfani ya yi? Ya ba da haƙuri, ya kuma nemi editocinsa su ba da haƙuri. Bayo Onanuga da wasu abokan aikinsa suka ce ba su yi ƙarya ba balle su tuba, suka ajiye aiki, suka je suka kafa TheNEWS. Attajirin da ke da jarida mafi ƙarfi a ƙasa ya kasa kare ma'aikatansa a kan gaskiya, saboda sauran harkokinsa duk suna rataye a hannun gwamnati.

Darasi na biyu ke nan. Kuna cewa kuna ba da kuɗi ne don ku samu bakin magana. Ni kuwa abin da na gani shi ne, wanda ya zuba jari a jikin mai mulki shi ne na farkon yin shiru, don yana tsoron kada jarinsa ya nutse. Bakin da ya ci, shi ke jin kunya, amma a wannan ciniki har hannun da ya bayar ma rawa yake yi.

Sannan babbar magana. Ranar Asabar 12 ga Yuni, 1993 aka yi zaɓe lafiya lau. Ranar 23 ga wata aka soke shi. Wa ke kan mulki? Amininsa. A watan Yuli aka rufe Concord tare da wasu jaridu. Babangida ya sauka a ƙarshen Agusta ya bar wa Shonekan, shi ma ɗan Abekuta, riƙon ƙwarya. Ranar 17 ga Nuwamba Abacha ya ture Shonekan. Abiola ya je ya gana da Abacha, hoton ya fito a jaridu, mutanensa da dama suna kyautata zaton za a miƙa masa mulki. Da aka karanto sunayen ministoci sai ga Kingibe, mataimakinsa na takara, a ministan harkokin waje. Sai ga Jakande, sai ga wasu da aka yi yaƙin zaɓe da su. Waɗanda suka hau jirginsa, suka ci tuwonsa, suka sha miyarsa, cikin wata biyar sun samu wata inuwar.

Ranar 11 ga Yuni, 1994 ya tsaya a Epetedo cikin Ikko ya ce shi ne shugaban ƙasa. Ranar 23 ga wata aka kama shi. Aka sake rufe Concord. Ranar 4 ga Yuni, 1996 aka harbe matarsa Kudirat a kan titi a Ikko, matar da a Zariya aka haife ta. Abokin kasuwancinsa Shehu Musa 'Yar'aduwa ya rasu a kurkukun Abakaliki a Disambar 1997. Abacha ya rasu 8 ga Yuni, 1998. Wata ɗaya bayan haka, ranar 7 ga Yuli, Abiola ya faɗi ana cikin ganawa da jakadun Amurka, Thomas Pickering da Susan Rice, a Abuja, bai tashi ba. Shekararsa 60, huɗu na ƙarshe a tsare. Concord ta ɗan yi numfashi bayansa, ita ma ta bi shi a farkon shekarun 2000. Jirage da gidan burodi da ƙungiyar ƙwallo, yau sai labari.

Ku faɗa mini, a cikinku wa ya kai shi? Wa ke da lambar wayar shugaban ƙasa ta gefen gado? Wa ke da jarida a harsuna huɗu? In duk wannan bai buɗe masa ƙofar ɗaki ɗaya ba cikin shekara huɗu, to buhun kuɗin da za ku kai wa ɗan takarar majalisa da daddare, wace ƙofa zai buɗe wa Sabo?

Wa ya biya kuɗin fasa tukunyar?

Akwai abin da ba a faɗa a jawaban 12 ga Yuni, mu kuwa mazauna Kurmi ba mu manta ba. Lokacin da manya suka yi cinikinsu ya watse, kanmu aka fasa tulun. Duk wanda ya yi wayo a 1993 yana tuna watan Agustan nan: tashoshi cike, mata da yara a kan buhuna a bayan tirela, mutane na sayar da firiji da katifa a kuɗin banza don su samu na mota, wasu hatsari ya cinye su a hanya ba su ga gida ba. Huhun goro ya ruɓe a ɗaki don ba mai ɗauka. Ba mu muka soke zaɓe ba. Da yawanmu ma Abiolan muka zaɓa. Amma fuskar mai shayi da mai yankan farce da ɗan dako ita ce fuskar Arewa da ɗan zanga-zanga ke iya kaiwa gare ta, don ba ya iya shiga Aso Rock. Da labarin rasuwarsa ya iso Ikko a 1998, haka aka sake yi, aka far wa Hausawa a unguwanninsu.

Daga nan kuma sai abin ya zama kamar zazzaɓin damina. Shagamu a Yulin 1999, wanda ramuwarsa ta faɗa kan Yarbawan Kano da su ma ba su ji ba ba su gani ba. Ketu a Nuwambar shekarar. Idi-Araba a Fabrairun 2002. Ga ta bakin ƙofarmu, kasuwar Shasha, a Fabrairun 2021. A cikin waɗannan duka, akwai lokacin da attajiranmu ba sa ba 'yan siyasa gudummawa? Babu. Kowane zaɓe ana kaiwa. To a daren da ake ƙona rumfunan tumatir da albasa a Shasha, wane ɗan takara ne ya zo ya tsaya a bakin kasuwa? Mutane fadar Sarkin Shasha suka gudu suka cika. Wasu maƙwabtansu Yarbawa ne suka ɓoye su a ɗaka, kamar yadda wasu Hausawa suka ɓoye nasu maƙwabtan. Gwamnoni sun zo daga Arewa, mun gode, amma bayan toka ta huce suka zo.

Abin da ya tsare ran da ya tsira a ranar shi ne maƙwabtaka: matar da kuka shekara ashirin kuna gaisawa, wanda ka je jana'izar babansa, wanda ka ɗaga wa bashi da azumi. Tun 1916 da aka yanka wa kakanninmu wannan unguwa, da amanar ciniki suka zauna, mai gida ya sauki baƙo, dillali ya tsaya wa mai shanu da mahauci a kan bashi ba takarda. Wannan ce garkuwar da aka gwada aka ga tana tare kibiya.

Amsa ga masu cewa

Na san abin da za a ce, don an riga an faɗa mini a bakin rumfa.

Za a ce, "To Malam, mu bar siyasa ke nan?" Ban ce ba. Wanda ya bar siyasa, siyasa ba za ta bar shi ba. Ku yanki kati, ku sa matanku da 'ya'yanku su yanka, ku tsayar da yaranmu da aka haifa a nan, masu jin Yarbanci kamar Hausa, su nemi kansila. Ku kira ɗan takara da rana tsaka, a fadar Sarki, gaban limamai da shugabannin kasuwa da matasa, a karanta masa buƙatunmu: magudanar ruwa, asibitin sha-ka-tafi, takardar shaidar zama ɗan jiha ga yaron da kakansa ma a Badun aka binne shi. Ƙuri'armu ita ce kuɗinmu. Wane irin ciniki ne mai kaya zai ba da kaya kuma ya ɗora da kuɗi? A kasuwar goro in ka ga haka, ka san akwai abin da dillali ke ci a tsakiya. Nan ma haka ne. Kuɗin ana tara su da sunan al'umma, amma kwangila da kujerar hukumar alhazai da muƙamin mai ba da shawara, da sunan mutum ɗaya suke fitowa.

Za a ce, "Kuɗinsu ne, su yi yadda suka so." Wanda ya ciro daga aljihunsa ya kai da sunansa, tsakaninsa da Allah, ko da yake akwai ranar da za a tambayi kowa inda ya samo da inda ya kashe. Amma ranar da aka bi rumfa-rumfa aka karɓa daga hannun mai tireda da mai suya, aka ce da sunan Hausawan Badun ne, ya zama kuɗinmu, kuma sunanmu ne aka jingina. In ɗan takarar ya faɗi, wanda ya ci zai riƙe mu a matsayin unguwar abokan gaba shekara huɗu. Alhaji zai sayi sabuwar hula ya koma wajen wanda ya ci kafin a rantsar da shi. Mai suya ne zai zauna da 'yan haraji.

Shi kuwa mai cewa zai cire daga zakka, ina roƙonsa don Allah ya koma wajen malaminsa. Waɗanda ake ba zakka kashi takwas ne, an jera su a aya ta 60 cikin Suratut Tauba, yaron aji uku a Islamiyya ya haddace su. Fosta da hayar ɗan daba da man motar kamfen ba sa ciki. Abin da ka bayar kana jiran a mayar maka da kwangila, jari ne, ka rubuta shi a littafin jari. Kuma ko kyautar da ta tafi inda ya dace, Suratul Baƙara ta gargaɗe mu cewa gori da son a gani suna shafe ladanta. Hadisin da Muslim ya ruwaito a kan mutum uku da za a fara yi wa hisabi, ɗayansu mai kyauta ne da ya yi don a ce masa mai kyauta, kuma an faɗa, ya karɓi ladansa tun a duniya. Yau buhun shinkafa goma ake rabawa, masu ɗaukar hoto su fi masu karɓa yawa, kafin tsohuwa ta kai gida an sa fuskarta a Facebook. Abiola dai jarida ya kafa, ta ɗauki ɗaruruwan mutane aiki, ta koya wa wasu sana'ar da suke ci har yau. Namu kuwa yara suke saya wa data su yi ta rubuta "Garkuwan Talakawa" ƙarƙashin hotonsu.

Za a ce, "Ai ga shi an karrama Abiola daga baya." An karrama shi. A 2018 Buhari ya ba shi GCFR, ya mai da 12 ga Yuni Ranar Dimokuraɗiyya, a 2019 aka sa wa babban filin wasa na Abuja sunansa. A Fabrairun 2025 Babangida ya fito da littafin tarihinsa, ya amsa da bakinsa cewa Abiola ne ya ci zaɓen. Kusan shekara talatin da biyu kafin a faɗi abin da mai sayar da rake ya sani tun a makon. Kuma a wajen ƙaddamar da littafin nan, manyan attajiran ƙasar nan suka tashi ɗaya bayan ɗaya suna alkawarin biliyoyin naira. Wato ko a ranar da ake karanta sakamakon jarrabawar, 'yan ajin ba su ɗauki darasin ba.

Sannan ku lura da abin da aka karrama. Ba wanda ya tuna nawa ya ba NPN. Abin da ya ɗaga sunansa abu biyu ne. Na farko, alherin da ya shuka a ƙasa, wanda ya sa talakan Kano ya tsallake ɗan garinsu ya zaɓe shi. Na biyu, da aka yi masa tayin beli bisa sharaɗin ya yi shiru da maganar zaɓensa, ya ƙi, ya zaɓi ɗakin duhu. A 1992 ya sunkuya don ya ceci kamfani, ba a tuna shi da wannan. A 1994 ya ƙi sunkuyawa ya rasa komai, da wannan ake tuna shi. Na farkon kuɗinsa ne da ya bi ta hannun talaka, na biyun kuwa ba a sayar da shi a kowace kasuwa.

Za a ce, "Hassada ce, don ba a kira shi taron ba." To, Allah Ya sani. Amma ko mahassadi ne ya ce maka rigarka ta kama wuta, duba rigar tukuna.

Ga inda kuɗin za su

Ba na son in yi ta suka ba tare da na nuna hanya ba. Ku zagaya unguwar nan da ƙafa, ba a mota ba. Akwai Islamiyyar da in hadari ya haɗu sai a tashi yara don rufin ya zama rariya. Akwai malaman da ke bin bashin albashi, suna koyar da 'ya'yanmu Ahalari da Ishmawi da safe, da yamma su hau acaɓa. Akwai yaran da suka gama sakandare da sakamako mai kyau suna zaune a bakin titi suna kiran "dala, fam" don ba kuɗin rajistar jami'a. Unguwa mai yawan mutane kamar tamu, lauyoyinmu nawa ne da za su je ofishin 'yan sanda in an kwashe yaranmu? Nas-nas mata nawa muke da su da matanmu za su sake da su a ɗakin haihuwa? Kuɗin da za a kai wa ɗan takara a dare ɗaya zai iya fitar da lauya da nas da injiniya daga cikinmu, kuma su ba sa sauya jam'iyya.

Don haka ga shawarata a fili. A daina bi rumfa-rumfa da sunan gudummawar siyasa. Wanda zai ba ɗan takara, ya bayar da sunansa da na gidansa, ya bar sunan al'umma. A kafa asusun ilimi da lafiya ƙarƙashin fadar Sarki da limamai, a sa masu riƙon da ba su da kujera a kowace jam'iyya, a riƙa karanta shiga da fita a masallacin Juma'a duk bayan wata uku, a kuma buga a wannan mujalla. In za a haƙa rijiyar burtsatse, a haƙa ta a bakin iyaka inda maƙwabtanmu Yarbawa za su ɗiba tare da mu, don wanda kuke shan ruwa ɗaya da shi zai yi nauyin ɗauko fetur. Kuma duk ɗan takarar da ke son Sabo, ya zo da rana.

Ku kuma 'yan'uwana masu ƙananan rumfuna, in an zo muku da takardar, ku yi tambaya cikin ladabi: Alhaji, na wancan zaɓen da muka bayar, me ya dawo? Tambaya ba rashin kunya ba ce. Wanda ya karɓi amanar jama'a, dole ya iya jin ta.

Allah Ya jiƙan Mashood Abiola, Ya karɓi alherinsa, Ya yafe kurakuransa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasa rayukansu a rigingimun da ba su suka haɗa ba, namu da na maƙwabtanmu. Allah Ya ƙara wa attajiranmu arziki na halal, Ya nuna musu inda za su ajiye shi su same shi gobe. Wanda maganata ta ɓata wa rai, rumfata ba ta ɓuya ba, kuma shafin nan a buɗe yake, ya zo da hujjarsa.